Kada Baba Ya Sare Gawon Gona

Zuwa ga Yaya Muntaka, a Matameye.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da fatan kowa lafiya. Yaya ƙafar Inna? Su Anisa suna zuwa lakwal karatun boko?

Ni lafiya lau nake a birnin Liyon, nan ƙasar Turawa, kada ku damu. Ɗakina da ɗumi, shiru ne dai ya yi yawa. Ran Lahadi nakan wuni ban buɗe baki ba sai a salla.

Karatun da magajin gari ya turo ni in yi kan raya itatuwa ya fara zama. Kamfanoni masu hayaƙi suna biyan garuruwan da suka raya itatuwa, saboda itace yana shanye hayaƙin. In garinmu ya samu shiga tsarin, za a iya sa wa ɗakin haihuwa wutar sola, a daina karɓar jarirai da tocila. Don Allah ka lallashi Baba, kada ya sare gawon nan na gona kafin in dawo.

Jiya malaminmu ya haska hoton gonakin Kance, can yankinmu, daga sama, ya ce, "Wa ya san nan?" Na ɗaga hannu, Yaya, amma murya ta ƙi fita. Ya ɗan jira, sannan ya wuce hoto na gaba.

Allah Ya sada fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Najaha