Maruƙan da suka zo babu tozo

Assalamu alaikum, masu karanta wannan shafi. Ku yi haƙuri ban sa sunana ba, kuma don Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku yi tir da ni, don na riga ku yi wa kaina.

Ni dattijo ne, gidanmu yana Gyadi-Gyadi, gonarmu kuma tana kan hanyar Zariya. Tun zamanin kakanmu shanun bokolo zalla muke kiwo, farare masu tozo, waɗanda mahauta ke rububi. Kaka bai taɓa barin baƙon bijimi ya hau saniyarsa ba, babanmu ma haka, kuma yayana da ke riƙe da garken yanzu zai lissafo maka uwar kowace saniya har zuwa waɗanda Kaka ya koro daga Sakkwato. Ni kuwa yawo na yi. Na zauna a Sudan da Kamaru da Faransa, na koyo harsunansu, na kuma koyo raina abin gida. A Faransa na ga wasu shanu farare tas, ƙirji kamar ƙofar zaure, nama har gwiwa. Duk sanda na yi wa Yaya zancensu sai ya ce, "Malam Bature, saniyar da ba ta da tozo ai jaka ce mai ƙaho."

Bara ya tafi aikin Hajji, daidai lokacin da sojoji ke shirin komawa bariki, kowa yana zancen sabon zamani. Na sallami makiyayinmu ya je ganin gida, na kawo wani likitan dabbobi da daskararren irin waɗancan bijiman, ya ɗura wa wasu daga cikin shanunmu. Na ce ai fari ne a kan fari, wa zai gane? A cikinsu har da Gimbiya, wadda Yaya ya fi ji da ita. Ranar haihuwarta maraƙin ya fi ƙarfinta. Aka ɗaura masa igiya a ƙafa, ƙarti suna ja, tana wani kuka da ban taɓa jin saniya ta yi ba, jini har cikin takalmana. Yaya ya ɗora kanta a cinyarsa, can ya ce a miƙo wuƙa kada ta tafi a mushe. Ni na miƙa masa. Wane irin mutum ne ke yin haka bakinsa a rufe?

Sauran maruƙan suka girma, bayansu a shafe kamar tebur. Sai Yaya ya nemi mai laifi, ya samu. Maƙwabcin gonarmu, zan kira shi Malam Bitrus, tsohon malamin makaranta ne daga Filato, yana zaune a Daurawa, shi ya koya wa rabin 'ya'yanmu lissafi. Yana da wani sa marar tozo. Nasa baƙi ne da fari, namu maruƙan farare, amma wa ya tsaya dubawa? 'Ya'yan Yaya suka karya masa shinge, suna faɗin kalmomi a kan addininsa da ƙabilarsa waɗanda ba zan rubuta ba. Na zauna baƙo a ƙasashen mutane, na san ɗacin irin wannan magana da harsuna uku, ga shi ina jin ta da Hausa a bakin jinina, ina shan shayi.

Malam Bitrus ya tare ni a kasuwar Tarauni, ya kama hannuna. "Alhaji, kai ka ga duniya, ka san shanu. Sa mai baƙi da fari ya haifi waɗannan? Ka faɗa wa yayanka mana."

Na ce, "Malam, Allah ne masani."

Ya kalle ni ya ce, "Haka ne. Shi kam ya sani." Ya saki hannuna. Tun ranar ba na iya cin nama.

Yanzu Yaya ya kai ƙara wurin dagaci, yana so a tashi Malam Bitrus daga gonar, kuma Asabar za a zauna. Yaya yana fama da hawan jini, ina tsoron gaskiya ta kayar da shi, ina tsoron 'ya'yanmu su raba garken Kaka saboda ni. Jiya ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai za ka yi bayani, Malam Bature, yau iliminka zai yi rana."

Ni ne shaidarsa. Jama'a, me zan yi?