Kyamarar da Ba Za Ta Ɗauki Fuskar Auta Ba

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki agaza mini da shawara, kaina ya kulle.

Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na wasa da tarbiyya. Ban taɓa yarda da wannan yayin na 'yan mata su kafa waya a gabansu suna karairaya don duniya ta kalla ba. Na sha gaya wa maƙwabta cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To, ga shi yau abin ya zo ƙofar ɗakina.

Autata shekararta ashirin da ɗaya, kurma ce tun wani zazzaɓi da ta yi tana shekara uku. Ta gama makarantar kurame, ta ƙware a maganar hannu. Ni kuwa abin da na iya bai wuce "zo", "ci" da "bari" ba, sauran sai mu rubuta a takarda. Kwanaki na shiga ɗakinta na tarar ta jingina tsohuwar wayar yayanta a jikin gwangwanin madara a kan teburin guga, tana ta motsa hannu, tana ɗaga gira, tana kumbura kumatu. Ban tsaya tambaya ba, na ƙwace wayar na kulle a durowa. Yau kwana tara ke nan ba ta rubuta mini ko kalma ɗaya ba. Tana gaishe ni, tana aikinta, shi ke nan.

Daga baya yayan nata ya bayyana mini cewa darasi take ɗauka. So take ta riƙa sakawa a intanet, don iyayen da Allah ya ba 'ya'ya kurame su koyi magana da su. Ya ce wayar ma ba ta da kirki, da hannu ya motsa sai hoton ya dusashe, yatsu su cakuɗe. Jikina ya yi sanyi, amma ban nuna masa ba.

Na yanke shawarar saya mata kyamara bisa sharaɗi ɗaya: daga wuya zuwa ƙasa za a gani, hannuwa kawai. Fuskar 'yata ba kayan kallo ba ce. Na je shagon kayan lantarki, mai shagon ya fito mini da wata ƙatuwa mai makirfo kamar wutsiyar kyanwa, yana ta yabon yadda take kama murya. Na kasa gaya masa cewa murya ba ta cikin damuwarmu, na ce zan dawo. Ni ɗinki nake yi, ba ni da kuɗin zubarwa. Wace iri zan saya mai sauƙi, wadda za ta fito da hannu tangaram? Kuma yaya zan yi ta karɓi sharaɗina? Da yayanta ya faɗa mata, kallona kawai ta yi ta shige ɗaki.

Maman Auta

Wa alaikumus salam Maman Auta. Allah ya saka miki da alheri, don ba kowace uwa ce za ta ƙwace waya yau, gobe ta tafi neman kyamara ba.

Bari in fara da mai sauƙin. Kada ki koma wa mai wutsiyar kyanwa, kuɗin murya za ki biya a banza. Waya mai kyakkyawar kyamara ta isa, ko ƙaramar kyamara wadda aka ɗan yi amfani da ita. Ki nemi wadda ke ɗaukar hoto sittin a daƙiƙa guda, irinta ce ba ta barin yatsu su cakuɗe. In kyamara ce, ki nemi mai allon da ke juyowa gaba, don ta riƙa ganin kanta. Ki haɗa mata da sanda mai ƙafa uku, gwangwanin madara ya huta. Sauran aikin na haske ne: ta fuskanci taga da rana, bango marar ado a bayanta, ta sa riga mai launi ɗaya. Wannan kuma ke ce gwanarsa. Ki tafi shagon tare da ita, ta gwada magana a gaban kyamarar, ku kalla kafin ki biya.

Tsoronki ba na banza ba ne. Intanet kasuwa ce, akwai na kirki akwai na banza. Kina da iko ki ce kada ta nuna ƙofar gida ko ta faɗi inda kuke, yayanta ya riƙa tace sharhin mutane, kuma ke ki ga kowane bidiyo kafin a saka.

Amma batun fuska, nan kam ba zan goya miki baya ba. Na tambayi wata malamar kurame, ta ce a maganar hannu fuska rabin zance ce. Ɗaga girar da kika gani ba iyayi ba ne, da ita ake gane tambaya ake yi. Kumbura kumatun ma da ma'anarsa. Ki ce ta yanke fuska daidai yake da a ce ki koyar da karatu an ɗaure miki baki da tsumma. Abin da kallon nan nata ya gaya miki ke nan.

Sannan ki sake duba waɗanda ta ce tana yi dominsu: iyayen da ba su iya magana da 'ya'yansu ba. Ba na jin sai da ta leƙa intanet ta san akwai irin wannan gida. Ban faɗa don in zarge ki ba, kin yi ɗawainiyar da Allah kaɗai ya san yawanta. Amma shekara goma sha takwas a kan "zo", "ci" da "bari" sun isa haka.

Kafin ki koma shago, ki buɗe durowar nan ki mayar mata da wayar. Ki jawo kujera kusa da teburin guga, ki ce ta koya miki yadda ake cewa "yi haƙuri". Za ki ga da kanki cewa ba ya faɗuwa da ɗaurarriyar fuska.

Allah ya sa albarka a aikin Auta, ya ba ta ɗaliba ta farko mai saurin ɗauka.