Kada Ka Juya Gonar Baba Zuwa Riɗi

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya gwiwar Inna, ta yi sauƙi? Ka gaida mini uwargida da yara.

Ni lafiya lau, sai dai gajiya. Kullum muna ɗakin taro marar taga, ƙafafuna har sun fara kumbura. Kada Inna ta ji.

Ka ce bana za ka bar gero, ka cika gonar Baba da riɗi, tunda tawagarmu ta zo neman kasuwa. Don Allah ka dakata. Da muka ajiye samfurin riɗinmu a tebur, ministan ƙasar da muka zo ya yi murmushi, ya sa aka kawo nasu. Su ma mai saye suke nema, kuma lokaci ɗaya muke girbi. Ya dubi shugabanmu ya ce, "Ranka ya daɗe, to wa zai sayi na wa?"

Za ka ji a rediyo cewa an gano "manyan damammaki". Ni aka sa na rubuta jimlar, don kada mu dawo hannu rabbana. Ka shuka geronka.

Allah ya ba mu damina mai albarka.

Ƙaninka