Baba a Gaban Zanena

Alhamis da dare, unguwar Hindawiyya, Jidda

Ƙafafuna ciwo suke yi, amma murna ta hana ni kwanciya. Yau aka buɗe baje kolin zane na ƙasa da ƙasa a Jidda, an kuma rataye nawa guda uku a ɓangaren Afirka.

Baba ne ya kai ni a tasinsa. Bai taɓa tsayawa ya kalli aikina ba, a wurinsa ɓata lokaci ne. Da muka isa ya ce, "Yalla, shiga, zan jira ki a mota."

Bayan la'asar na dawo daga salla, sai ga shi tsaye gaban babban zanen da na yi da shuni, na hanyar da kakana ya biyo da ƙafa daga Kano ta Sudan. Yana ta nuna wa wata 'yar Senegal garuruwan da yatsa, Larabci da Hausa a cakuɗe. Da ya hango ni ya dafa ƙirji ya ce mata, "Binti! 'Yata ce ta yi shi."

A hanyar gida ya ce akwai garin da na manta ban sa a zanen ba, inda kakan nawa ya yi jinya. Gobe da safe zai zaunar da ni ya ba ni labarin.