Na Ce wa Inna Wutsiya Ta Fito

Uranohama, 9 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Fusae,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa, irin ta ƙane ga yayarsa. Ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Kiyotaka, da fatan ciwon gwiwarsa ya yi sauƙi. Kullum Inna ta kunna turare a gaban hoton Baba sai ta ambaci sunayenku ɗaya bayan ɗaya tana roƙa muku lafiya, ni ma ina amsawa daga baya. Mu a nan kalau muke. Matata Michiyo ta warke daga tarin da ya dame ta, ni kuwa ina nan ina koya wa 'ya'yan masunta tarihin sarakunan da ba su taɓa kama kifi ko ɗaya ba. Na ji ku can Kagoshima har kun fara fifita. Mu har yanzu da bargo muke kwana.

Na san Inna ta buga miki waya ta ce ta amince za ta koma wurinki, bayan shekara shida kina lallashinta tana ƙi. Na kuma san kin yi murna. Amma kafin ki gyara mata ɗaki, ya kamata ki san abin da ya sa ta sauko, domin da hannuna a ciki.

Kin tuna siffar dokin da ke fitowa a jikin dutsen bayan gari idan ƙanƙara ta fara narkewa, baƙi a tsakiyar fari. Kansa ke fara bayyana, sai ƙafafu, wutsiya ce ƙarshe. Inna ba ta dasa shinkafa sai wutsiya ta fito, haka ta gada daga surukarta. To bana idonta ya ƙara dusashewa, dutsen ma kansa sai dai ta san inda yake. Sai ta mayar da ni idonta. Kowace safiya kafin in tafi makaranta takan tsayar da ni a bakin ƙofa in duba mata. Ni da na karanta littattafan da za su cika kwalekwale, an ɗauke ni aikin leƙen gindin doki.

Farkon Mayu aka ba mu hutun mako guda. Masu hasashen yanayi a talabijin suka ce za a yi kwana goma ana rana da ɗumi, har da taswira mai launin lemo. Na yi lissafina: in aka yi dashe yanzu ina gida, in kuwa aka jira doki, sai dai in riƙa shiga taɓo bayan an tashi makaranta, da wannan bayan nawa da kika sani. Ranar uku ga wata na ɗaga kai na duba. Ga kai, ga ƙafa uku, ta huɗun ma ba ta gama fita ba. Na ce wa Inna doki ya fito. Ta tambaye ni ko har da wutsiya. Na ce har da wutsiya. Ta ce ya yi sauri bana, amma dutse ya fi ta sani. A kwana biyu muka dashe fadamun nan biyu kaf.

Tsoho Genzo maƙwabcinmu ya zo wucewa da komarsa a kafaɗa, ya tsaya yana kallonmu. Ya tambaye ni ko a makaranta aka koya mini cewa shinkafa tana bin hutun gwamnati. Na ce masa zamani ya wuce na kallon duwatsu, yanzu na'urori ke shawagi a sama suna ganin gajimare tun yana jariri. Ya ce to madalla, Malam, a gaishe da na'urar, amma shi tun jiya ƙashin kafaɗarsa ke gaya masa teku na shirin yin numfashi. Inna tana can ƙarshen fadama, ba ta ji mu ba.

Ba zan ɗora wa masu hasashe laifi ba. Kwana goma suka ce, kwana goma aka yi. A na goma sha ɗaya iskar nan mai sanyi da ake kira yamase ta taso daga teku da hazonta mai jiƙa riga, ta zauna mana kamar baƙon da bai san hanyar gidansu ba. Mako guda ba mu ga rana ba. Da ta ɗaga, sararin sama ya washe, sanyi ya sauko ya daskarar da raɓa. Dashen da bai gama kama ƙasa ba ya yi ja, ya kwanta. Na su Genzo yana nan a rumfa a rufe, ba a dasa ba tukuna, bai ji komai ba. Wutsiyar kuwa sai ranar ashirin da biyu ta fito, doguwa, kamar da gayya. Ba na cewa doki annabi ne. Kin tuna shekarar da ya fito cif da wutsiyarsa, amma sanyi ya hana kowa girbi. Sai dai bana da an jira shi da an tsira.

Shinkafar ba ita ce ta dame ni ba, su Genzo sun ba mu ragowar irinsu mun cike fadama ɗaya. Inna ce. Ta daina fitowa bakin ƙofa da safe. Ta ce wa Michiyo shekara hamsin da ɗaya dutsen nan bai taɓa yaudararta da wuri haka ba, in kuwa ya fara, to ƙasar ce ta sallame ta. Washegari ta buga miki waya. Ina zaune ina jin ta, shayi na hucewa a hannuna, na bar laifin a kan dutse. Genzo ma bai tona ni ba, sai dai duk inda muka haɗu yakan tambaye ni lafiyar na'ura.

Ranar Lahadin da ta wuce na kasa. Na same ta a ɗakin ajiya tana juya tulun miso, daddawarta ta waken suya, na durƙusa na gaya mata komai. A zatona in ta ji dutse bai ci amanarta ba, to za ta yi mini faɗa, ta jefe ni da ludayi, ta fasa tafiya. Har na tanadi kalmomin ban haƙuri masu kyau, wasu ma daga littafi. Ba ta ko ɗaga murya ba. Ta rufe tulun, ta goge hannu, ta ce ta ji daɗi doki bai yi ƙarya ba, domin abin ya fi asarar tsaya mata a rai. Sai na ce to ai shi ke nan, ta zauna, baɗi zan duba mata da gaskiya. Ta ce, "Tsuneo, ɗan da na haifa ma ya ba ni aron ido ya rage mudu. Wa kuma zan ara a wurinsa? Mai noma da idon wani ya gama noma."

Na sake gwadawa sau biyu, Michiyo ma ta gwada. Kin san Inna, magana zarar bunu ce a wurinta. Ta riga ta ba matar Genzo fartanyarta da takalman shiga taɓo. Ta ce a gaya miki ranar ashirin ga wata ta yi mata, ki zo da babbar jaka, kuma kada ki yi mini faɗa da yawa, wai na isa da abin da ke kaina. Wannan na ƙarshe saƙonta ne, ni ban roƙa ba. In kin ga dama ki yi, zan tsaya in ji.

Ki gaishe mini da Kiyotaka, da 'yarku Sumire da mijinta, da ɗansu Rikuto da aka ce ya fara tafiya. Michiyo tana gaishe ku, ta ce za ta haɗa miki busasshen ganyen teku. Ki sanar da ni jirgin da za ki biyo, zan zo tasha in ɗauke ki.

Ƙanenki, mai kunyar haɗa ido da ke,
Tsuneo