Ɗan Layi Ba Sifili Ba Ne

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka da yara. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Gwaggo na fama da gwiwarta, amma bakin nan nata ƙalau yake. Auta ta gama jarrabawa, ta ce in faɗa maka ta ci, ko da yake sakamako bai fito ba tukuna.

Yaya, maganar Baba ce ta sa na zauna rubutu, don a waya ba na iya kai ta ƙarshe. Ka san shekara talatin da ɗaya ya yi yana auna ruwan sama a tashar awon yanayi ta bayan gari. Kullum ƙarfe tara na safe zai zuba abin da ya taru a kwalbar awo, ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da ruwan, sannan ya rubuta. Ka tuna dokarsa da muke yi wa dariya muna yara? In ya duba bai ga ruwa ba, sifili yake sawa. In kuwa bai samu dubawa ba, sai ya ja ɗan layi. Yakan ce sifili shaida ce, ɗan layi kuma amsa laifi ne, kada a haɗa su.

To bara gwamnati ta tara hukumomi uku a ƙarƙashin ofis guda: ta yanayi inda Baba ya yi aiki, da ta koguna, da ta binciken ƙasa. Aka ce za a zuba bayanansu duka a kwamfuta, a raba da wasu masana na ƙasar waje. Baba ya yi murna ƙwarai, har ya ce ashe rubutunsa zai riga shi hawa jirgi. Sai dai waɗanda aka ba aikin kwafe littattafansa ma'aikatan koguna ne, su kuwa a wurinsu ɗan layi na nufin kogi ya ƙafe. Duk inda suka ga layin Baba sai suka buga sifili. Ba wanda ya tambaye shi, alhali gidanmu bai fi tafiyar minti ashirin daga ofishin ba.

Ka san waɗanne kwanaki ne ya ja layin. Kwana tara ɗin da Inna ta yi a asibiti kafin Allah Ya karɓi abinSa, lokacin da aka yi ruwan da ya cinye gada. Baba bai bar bakin gadonta ba. Da ya koma tasha ya tarar ma'aunin ya cika ya tumbatsa, ya zubar, ya ƙi yin kintace, ya ja layi tara. Masanan nan da suka gwada da tashoshin maƙwabta da hotunan tauraron ɗan'adam, sai suka ga ko'ina ruwa kamar da bakin ƙwarya, tashar Baba kuwa sifili tara a jere. Suka rubuta a rahotonsu cewa da alama mai kula da ita yana cika littafi ne daga gida. Aka cire shekarunsa talatin da ɗaya daga rumbun bayanan gaba ɗaya. Wani tsohon abokin aikinsa ne ya kawo masa rahoton, wai don ya ji da kunnensa. Da ya bar shi a jakarsa da ya fi mana alheri.

Sau huɗu ina zuwa ofishin nan. Mutumin yanayi ya ce ba su suka kwafe ba. Mutumin koguna ya ce su abin da suka gani suka buga. Na binciken ƙasa ya ce shi duwatsu ya sani, ya kuma ba ni kujera, wanda shi ne abu mafi amfani da na samu a ginin. A ƙarshe na ga mataimakin shugaba, mutum mai fara'a, ya saurare ni har na gama. Ya ce ya fahimta, amma rumbun yanzu na haɗin gwiwa ne, ba a taɓa ko lamba ɗaya sai masanan can sun nema a rubuce. Na ce to su rubuta musu mana. Ya ce wannan sai kwamiti ya zauna. Ina fitowa na ga littattafan Baba a ƙarƙashin matakala, an ɗaure su da igiya kusa da bokitin mai shara. Mai gadi ya ce ƙarshen wata za a kwashe duk takardun wurin. Na roƙa a ba ni, aka ce kayan gwamnati ne. Na tsuguna na zaro littafin shekarar, na ɗauki hoton shafin mai layi tara da wayata.

Abin da nake nema a wurinka ke nan. Kai ka iya harshensu, ka kuma san yadda ake yi musu magana su amsa. Na sa adireshin shugabar masanan a bayan takardar nan, hoton kuma na tura maka. Ka rubuta mata, ka bayyana mata bambancin layi da sifili, ka roƙe ta ta nemi a duba littattafan kafin a kwashe su. Na san halinka na sai gobe. Don Allah wannan karon kada ka yi mini haka, saura kwana goma sha tara.

Halin da Baba ke ciki shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Abinci sai an matsa masa, rigunansa duk sun yi masa yawa. Sau ɗaya kawai ya tambaye ni ko kai ma ka ga rahoton, na ce a'a, ya ce gara haka. An cire tsohon ma'aunin an kafa na'ura mai aikawa da kanta, amma har yanzu ƙarfe tara na yi zai ɗauko wani littafi da ya saya ya zauna a bakin ƙofa. Jiya na leƙa. Tun ranar da aka kawo masa rahoton layi yake ja, shafi biyu cur. Na ce Baba ai ga rana tana dukan kowa, ba a yi ruwa ba, ka sa sifili mana. Ya ce shi ba zai ƙara ba da shaida ba, tunda an ce maƙaryaci ne.

Ka gaishe da matarka da takwarar Inna da ɗan ƙaninta. Gwaggo da Kawu da Auta suna gaishe ku. Baba bai san na rubuto ba, in ka kira kada ka nuna masa. Allah Ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
Uwar Rigima, kamar yadda kake kirana