Jan Ƙyallen Malama

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin naki? Kumburin ƙafar ya sauka? Ya 'yarmu Auta da maigidanta da yaran? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Ni dai lafiyata ƙalau, sai kewa.

Na san za ki ce me ya hana ni kira a waya. Auta ta ce magana tana gajiyar da ke, ni kuma da zarar na ji numfashinki a waya sai duk abin da na shirya faɗa ya gudu. Takarda kuwa Auta za ta karanta miki lokacin da kike so, ta ajiye idan kin gaji. Maƙwabcinmu direba ya ce zai riƙa kai mini, tunda motarsa tana bi ta kusa da asibitin.

Wata biyu ke nan da tafiyarki, gidan nan ya yi mini girma. Idan na dawo daga shago, agogunan falo uku suna ta bugawa, babu mai ce mini in cire batirin biyu a huta.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar da za ki shiga mota ba ki ce in kula da kaina ba, ba ki ce in kula da gida ba. Cewa kika yi kada in bar kaka ta wuce ban shuka latas ɗinki ba, domin a zafin nan irin ba ya kai shekara biyu da ƙarfinsa. Na ce to, ba don na san abin da na ɗauka ba. Shekara talatin da ɗaya ina kiran lambun bayan gidan nan ma'aikatar wahala, ko cokalin ƙasa ban taɓa juya miki ba.

Na sami gwangwanin madarar a ƙofar firij, da ambulan ɗin irin a ciki. Na san shi ne irin da mahaifiyarki ta ba ki, wanda kike sabuntawa duk shekara, kuma babu shi a wajen kowa sai ke. A bayan ambulan ɗin na ga rubutunki na malaman makaranta: goma ga Satumba. Kin san mai gyaran agogo, in ya ga lokaci a rubuce magana ta ƙare. Ranar goma na raba irin biyu, na tona ramuka da ɗan yatsa, na zuba rabi, na rufe da ƙasa sosai don kada tsuntsaye su gani. Safe da yamma ina ba shi ruwa.

Malama, yau kwana goma sha biyu, ko tsiro ɗaya babu. Na tona wuri guda na duba, ban ga komai ba sai ƙasa mai ɗumi. Na so in ɓoye miki, amma ban iya ba. Rabin irin mahaifiyarki ya tafi a hannuna. Ki yafe mini, ki kuma gaya wa Auta inda na kuskure ta rubuto mini.

Ki gaishe da kowa. Ki daure ki riƙa cin abinci.

Mijinki,
Mai Agogo

*

Zuwa ga Malama,

Sallama da gaisuwa, da fatan an sami sauƙi fiye da na da. Ya ƙarin ruwan da aka yi miki? Ya barci? Matar direba tana gaishe ki, ta ce kullum kina cikin addu'arta.

Takardar Auta ta iso. Ta ce da ta karanta miki tawa kin yi dariya har tari ya sarƙe ki. Na ji kunya, amma in dai wautata za ta sa ki dariya, ina da ita buhu-buhu. Ashe ranar da na gani ta bara ce, shekarar da sanyi ya sauko da wuri. Bana kuwa ruwa ya ɗauke amma zafi ya ƙi tafiya. Wai kin ce a gaya mini ƙasa ba ta karanta kalanda, kuma irin latas ba gawa ba ne da za a binne shi, barbaɗa shi ake yi a danna da tafin hannu, a rufa masa jiƙaƙƙen buhu.

Da na karanta sai wani abu ya dawo mini. Duk kaka nakan gan ki da la'asar kin durƙusa kin kafa gwiwar hannu a ƙasar lambun. Nakan ce Malama ta fara roƙon ƙasa, ke kuwa ko kallona ba kya yi. Sai yanzu na tuna inda na fara ganin haka. Da gwiwar hannun nan kike gwada ruwan wankan Auta tana jaririya. Abin da zai ƙona jariri zai ƙona iri, ko ba haka ba? Shekara talatin abin yana gabana ban gani ba.

Sati uku na yi ina rufe shago da wuri, in zo in durƙusa in kafa gwiwar hannu. Ranar farko matar direba ta leƙo ta katanga ta saki salati, ta zaci faɗuwa na yi. Ranar da na ji ƙasar ta huce kamar ruwan da za a yi wa yaro wanka, na barbaɗa kusan duk abin da ya rage, na danna, na rufa buhu, na jiƙa shi.

To, hali zanen dutse. Auta ta rubuta cewa a ɗaga buhun bayan kwana uku ko huɗu, da an ga fari-fari. Ni na riƙe lissafin kwanakin, na manta da maganar dubawa. Na ce bari in ƙara kwana ɗaya don su yi ƙarfi. A rana ta biyar da na ɗaga, sun fito, Malama, sun fito da yawa, amma farare dogaye kamar zare, kuma duk sun cusa kawunansu cikin saƙar buhun suna neman haske. Ina ɗagawa suka biyo shi da saiwarsu. Na tsaya riƙe da buhu, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Na shiga ɗaki na zazzage ambulan ɗin a kan farar takarda, na sa gilashin idon da nake duba cikin agogo da shi, na ƙirga da ɗan hantsakina. Ƙwaya sittin da huɗu suka rage. Ban taɓa jin tsoron wani aiki kamar wannan ba. Agogon mutane in na ɓata akwai kayan gyara a kasuwa, wannan kuwa in ya ƙare ya ƙare.

Ki sa ni a addu'a, kamar yadda nake sa ki.

Naki,
Mai Agogo

*

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jiki. Auta ta ce kwanakin nan kin fi yawan barci. Allah Ya sa barcin samun sauƙi ne. Ki gaishe mini da surukinmu, Allah Ya saka masa da zirga-zirgar da yake yi.

Yau albishir na kawo. Ƙwayoyin nan sittin da huɗu ɗaya bayan ɗaya na ajiye su da hantsaki, kowace da tazararta. Na cire agogon hannuna na bar shi a ɗaki. Safe, rana da yamma ina ɗaga gefen buhu ina leƙawa, ina ganin fari-fari na janye shi. Ashirin da uku suka tsiro. Na kafa sanduna huɗu na ɗaura tsohon labulen falonki don ya tare musu ranar azahar, ki yi haƙuri, na san kina son labulen. Fara ta cinye uku, ɗaya kuma ni na taka shi da kaina. Saura goma sha tara.

Yanzu sanyi ya fara shigowa da safe, sun baje sun yi kore shar. Har alayyafo da karas na saya a shagon iri na zuba a gefe, don kada su ji kaɗaici. Direba ya ce tsufa ya zo mini da gardama, wai ya ji ni ina yi wa ganye magana. Ban musa ba.

A cikin goma sha taran akwai guda biyar da suka fi sauran nesa ba kusa ba, kowanne ya kai faɗin faranti. Auta ta ce ba kya cin komai, duk abin da aka kawo sai ki kau da kai. Na ce wataƙila abin da ya fito daga ƙasarki zai shiga. Saboda haka ranar Asabar zan yanke biyar ɗin nan in sa su cikin kula mai ƙanƙara in taho da kaina.

Na san abin da za ki ce. Duk shekara manyan kike ɗaura wa jan ƙyalle ki hana kowa taɓawa, ki bar su su yi tsawo su yi ɗaci su yi muni, mu kuma ki cika mana faranti da ƙananan. Sau nawa na ce miki a gidan nan ganye ya fi maigida gata? Bana lambu a hannuna yake. Iri ai iri ne, zan bar ƙananan su fitar da shi. Mai kyau na mai abu ne, ke ce kuwa mai lambun.

Sai na zo, in Allah Ya yarda.

Mijinki,
Mai Agogo

*

Malama,

Assalamu alaikum. Wannan takardar ba direba ne zai kawo ta ba. Ni zan taho da ita gobe, ni zan karanta miki, domin na san in na zauna a gabanki ba tare da ita ba bakina zai mutu.

Da hantsi direba ya miƙo mini ambulan. Na buɗe na ga jan ƙyalle guda biyar. Na gane zanen, wanda kika tafi da shi ne, mai ɗigon fari a baki. Auta ta rubuta cewa da kanki kika karɓi almakashi, kika hana ta taimaka miki, kika ɗauki safiya guda kina yankawa kina hutawa. Saƙonki kuma gajere ne: irin ƙarami ƙarami yake haifa, kuma mai ɗaura ƙyalle ba don cikinsa yake ɗaurawa ba.

A ƙasan takardar Auta ta gaya mini abin da kuka daɗe kuna ɓoye mini. Likita ya ce babu sauran abin da za su yi, kada in jira Asabar.

Na fita lambu da wuƙar da na wasa jiya a hannu ɗaya, ƙyallen a ɗaya. Na daɗe a tsaye. Ina so in kawo miki mafi kyawun abin da na taɓa yi da hannuna, Malama, ina so ki gani ki ce na iya. Amma na gane abin da kike nema a wurina, ki tabbata cewa baɗi ma za a shuka, ko da ba kya nan. Tun ranar da za ki shiga mota kin san haka, ni ne ban sani ba.

Na ajiye wuƙar. Na ɗaura duka biyar. Shekara talatin da ɗaya kina ba mu ƙananan kina ajiye mana shekara mai zuwa, ni kuwa ina ƙorafi. Ki yafe mini ƙorafin, ki yafe mini duk yammacin da na zauna a kujera ina kallonki kina ɗaukar bokiti. Ina sonki, kuma ban iya faɗa ba sai da na tsufa.

Ganye ɗaya kawai zan tsinko daga ƙananan, ko ƙanshinsa ki ji. Matar direba za ta riƙa ba su ruwa.

Ki jira ni.

Mijinki

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yaran, ya maigidanki? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan mahaifiyarki, Ya haskaka kabarinta, Ya yi miki albarka da jinyar da kika yi mata. Ni lafiya, ina cin abinci, ki daina sa direba yana leƙen tukunyata.

Wata uku ke nan da rasuwarta, zafi ya dawo. Akwai abin da ban gaya miki ba. Ranar da na karanta mata takardar, lokacin da kika fita kiran nas, ta buɗe ido ta tambaye ni ko da sassauci na ɗaura ƙyallen, domin karan zai yi kauri. Maganarta ta ƙarshe da ni ke nan. Ni kuwa tamau na ɗaure su, irin ɗaurin mai tsoron kada abu ya kuɓuce masa. A barandar asibitin na kira matar direba na roƙe ta ta je ta sassauta.

Duka biyar sun yi tsawo har ƙirjina, sun yi ɗaci sun yi muni, yadda take so. Suka yi 'yan furanni rawaya, sannan farin gashi. Na riƙa sunkuyar da kawunansu cikin jakar takarda ina kaɗawa, na shanya a inuwa, na busa ƙaiƙayin a hankali. Na fara ƙirgawa da hantsaki, da na wuce dubu sai na bari.

Na raba shi biyu. Nawa yana gwangwanin madara a ƙofar firij. Naki ga shi nan cikin ƙaramin ambulan, tare da jan ƙyalle biyu daga cikin biyar ɗin. Ko bokitai ne ki cika da ƙasa a bayan kicin ɗinki, zai yi. Ki ajiye shi a wuri mai sanyi har kaka. Kada ki binne, ki barbaɗa. Ki riƙa leƙa ƙarƙashin buhun. In sun girma, manyan ba na ci ba ne.

Za ki ga ban rubuta kwanan wata a bayan ambulan ɗin ba. Na ɗauki biro zan rubuta, sai na fasa. Idan ruwa ya ɗauke, ki fita da la'asar ki durƙusa ki kafa gwiwar hannunki a ƙasa, yadda take gwada miki ruwan wanka. Za ki sani.

Ki shafa mini kan yaran.

Mahaifinki,
Mai Agogo